Ɗaki a bayan mota, daji a gaba: yadda tafiyar karaban take a Autbak na Ostireliya

Ranar da maƙwabcina, wani tsoho ɗan fansho a nan Adelaide, ya ce min in shirya mu tafi karaban na sati uku, wallahi abun da ya fara faɗo min a rai ayari ne, raƙuma a jere madugu a gaba, irin na masu ɗauko gishirin Bilma. Ashe kalmar ce ɗaya amma su abun da suke nufi daban. Karaban a wajensu ɗaki ne sukutum a kan taya, da gado da kicin da firij da ɗan bayi, ka maƙala shi a bayan mota ka ja abunka, wato dai tafi-da-gidanka na gaske ba na waya ba. Baba nake ce masa, tun yana dariya har ya saba, kuma kusan duk abun da zan faɗa a nan a gefensa na gan shi ko a bakin ire-irensa na ji, a zangon da muka riƙa yi daga ɗan garin Marree har Alice Springs da ke tsakiyar ƙasar.

Bari mu fara da shi kansa dajin, don in mutum bai gane girmansa ba sauran maganar duk za ta zame masa kaman tsoro ne kawai irin na Turawa. Ostireliya ta kai murabba'in kilomita miliyan 7.7, wato ka ɗauki Najeriya ka jera ta sau takwas har da ɗan canji, amma mutanenta gaba ɗaya ba su kai miliyan 30 ba, kuma yawancinsu a bakin teku suke zaune, Sidni, Melbon, Brisbane, Perth, Adelaide. Duk wancan tsakiyar da aka bari, jan ƙasa da duwatsu da rairayi da busassun tafkunan gishiri, shi ake kira Autbak. Ba shi da iyakar da aka shata, ba wani allo da zai ce maka ka shigo, kawai dai za ka lura gidaje sun ƙare, bishiyoyi sun gajarce, waya ta daina kama sabis. Akwai gonar shanu guda ɗaya, Anna Creek, da muka ratsa ta cikinta, wadda faɗinta ya wuce murabba'in kilomita 23,000. Ta fi jihar Kano girma kenan, kuma mutanen da ke aiki a cikinta ba za su cika motar haya biyu ba.

Yanayinsu kuma a juye yake da namu. Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da Kano ake fama da hunturu ana neman man shafawa, su nan wuta ake yi. A garin Oodnadatta ne aka auna digiri 50.7 ranar 2 ga Janairun 1960. Shi ya sa lokacin tafiya yake tsakanin Mayu da Satumba, kuma shi ya sa ake rufe hamadar Simpson ɓangaren jihar Ostireliya ta Kudu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris duk shekara, ko kana da motar da ta fi ta kowa ba za ka shiga ba. Can arewa kuma matsalar ba zafi kaɗai ba ce, damina ce, hanya irin ta Gibb River mai wajen kilomita 660 a yankin Kimberley ruwa ne yake cinye ta sai a rufe sai rani. To da zarar sanyi ya shigo kudu sai ka ga tsofaffi sun fito da ɗakunansu sun nufi arewa kaman masu cin rani, har suna gare su, makiyaya masu furfura ake ce musu. Wasu ma gida suke sayarwa ko su zuba 'yan haya su kama babbar hanya mai lamba 1 da ta zagaye ƙasar, wajen kilomita 14,500, su yi shekara ko fiye suna zagayen.

Daga nesa abun sha'awa ne, kai da iyalinka ba mai tambayarka kuɗin ɗaki. Amma abun da na gane shi ne duk harkar lissafi ce, kuma lissafin nauyi ne kafin komai. Kafin mu bar gari sai da Baba ya kai mu sikelin manyan motoci aka auna mu, mota daban, ɗaki daban, sannan duka a haɗe, da mu a ciki da tankuna cike. Na ce Baba wannan kuma ai sai ka ce masu lodin siminti. Ya ce to zo ka gani. Kowace mota tana da iyakar nauyin da za ta ɗauka ita kanta, da iyakar abun da za ta ja, da kuma iyakar su biyun a haɗe, sannan shi ma ɗakin yana da tasa iyakar da aka buga a jikin ɗan faranti. Inda mutane suke faɗawa shi ne talla. Za a ce maka wannan motar tana jan kilo 3,500, irin su HiLux da Ranger ɗin nan, kuma gaskiya ne. To amma mu ɗauka iyakar haɗin duka kilo 6,000 ne, motar kuma ba kowa a ciki ta kai 2,200. In ka ja 3,500 ɗin cif, saura 300 kenan, kuma a cikin 300 ɗin nan za ka sa kanka da matarka da firij da ƙarfen gaban mota da jarkokin mai da kayan gyara. Mutum biyu masu cin tuwo da kyau sun cinye rabi.

Sai kuma inda aka ajiye nauyin, wanda ya ma fi yawansa haɗari. Ƙa'idar da suke bi ita ce wajen kashi 10 cikin 100 na nauyin ɗakin ya danna a kan ƙugiyar da ke bayan mota. In ka tara kaya can ƙarshen baya, kekuna da jarkoki da akwatin ƙarfe, gaban ɗakin sai ya yi sauƙi, to ranar da iska ta buge ka ko babbar mota ta wuce ka, ɗakin zai fara kaɗa gindi hagu da dama, kowane kaɗawa ya fi na baya, har ya fi ƙarfin motar ya kifar da ku gaba ɗaya. Kaya masu nauyi ƙasa ake sa su, daidai kan tayoyi. Doka ma ta shigo ciki, duk tirelar da ta wuce kilo 750 sai da birkinta, in ta wuce kilo 2,000 kuma sai da birki a kowace taya da na'urar da za ta taka birkin da kanta in ɗakin ya ɓalle daga mota. In ka yi obalodi ka yi hatsari kuma, sai ka ga kamfanin inshora ya fara yi maka tambayoyin da ba ka da amsarsu. Mu da muka saba ganin Golf ta ɗauko buhu goma da akuya a sama abun zai ba mu dariya, amma fa a can in ka kife ba kasuwa a kusa ba masu ɗauki.

Ruwa a nan ya shigo, don lita ɗaya kilo ɗaya ce ba ragi. Ɗakin Baba tanki biyu gare shi, kowanne wajen lita 90, ga jarkoki biyu na ko-ta-kwana da ba a taɓa su. Kowace jarka da ka ƙara sai ka sauke wani abu, haka aka sauke kujerata mai hannu a ƙofar gida ina ji ina gani. Kuma ba duk ruwan da ka gani ake sha ba. A ƙarƙashin yankin akwai wani ƙaton tafkin ruwa na cikin ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 1.7, shi ne yake ɓulɓulowa a maɓuɓɓugai a gefen hanyar Oodnadatta, shi ya raya mutanen asali, wato waɗanda Turawa suka tarar a ƙasar, dubban shekaru, shi ya sa ma layin waya da layin dogo suka bi ta nan, amma da yawansa ɗumi ne da gishiri-gishiri da ɗan wari, na wanka ne da shanu. A Coober Pedy, garin masu haƙar dutsen opal da mutane suke kwana a gidajen ƙarƙashin ƙasa saboda zafi, ruwa a famfon kuɗi ake sayensa kaman fetur. Wanka kuwa na ga iko, jiƙa jiki, rufe famfo, sa sabulu, buɗe, ɗauraye, shikenan. Ni da na tashi da bokiti da moɗa ban sha wahala ba, har matar Baba, da muke tafe tare, take cewa ni na fi su iya tattali.

Yanzu hanyar kanta. Daga Marree kwalta ta ƙare, sai burji wajen kilomita 600 da ɗoriya zuwa Marla, ita ce hanyar Oodnadatta. Abun da yake kashe ababen hawa a nan gargada ce, ba ramuka ba, wata irin gargada ce ƙanana a jere kaman kwanon rufi, tayoyin motoci ne da kansu suke yin ta a hankali, kuma tana iya bin ka kilomita hamsin ba hutu. Komai na cikin ɗakin girgiza yake, noti ya kwance, ƙofar kabad ta ɓalle, kwalba ta goga da kwalba har ta fashe, wayar wuta ta gogu ta tsinke. Da muka tsaya a bakin burjin Baba ya durƙusa ya fara sace iskar tayoyi, daga geji 40 da wani abu ya dawo da su ƙasa da 30, na mota da na ɗaki duka. Ni a sanina taya mai ƙarancin iska ita ce mai matsala, sai ya ce taya mai tauri a kan tsakuwa mai kaifi kaman balan-balan ce da aka hura sosai, taɓawa ɗaya ta fashe, mai ɗan laushi kuwa lanƙwasawa take ta hau kan dutsen ta wuce, kuma ta shanye rabin girgizar. Sharaɗin dai sai ka rage gudu, don taya mai ƙarancin iska in ka zuba mata wuta zafi take ɗauka ta tarwatse. In rairayi ne ma har ƙasa da 20 ake saukewa. Da an hau kwalta kuma a fito da ɗan injin ba da iska a mayar, minti ashirin kana tsugune ƙuda na shiga maka hanci.

Abun da ba zan manta ba shi ne al'adarsa ta duk tsayawa. Ko fitsari aka tsaya yi, sai ya zagaya ɗakin yana ɗora bayan hannunsa a tsakiyar kowace taya, daidai wajen boris, sannan ya leƙa ƙasa ya taɓa shokozoba, ya girgiza ƙugiya, ya duba sarƙoƙi biyun da aka giciye ƙarƙashinta. Ba ya magana, kaman likita na zagayen gado. Wata rana kafin ɗan ƙauyen William Creek ya ɗora hannu ya janye da sauri, ya ce zo ka ji wannan, sannan ka ji wancan. Ɗaya ɗumi ne kawai, ɗayar kuwa kaman murfin tukunya. Nan muka yi awa biyu a gefen hanya, jak, sifana, tsumma, ya ciro boris ɗin giris ɗinsa ya zama baƙi ya haɗu da jan ƙura ya koma kaman yashi, ya sa sabo da ya taho da shi a leda tun daga gida an riga an cusa masa giris. A awa biyun nan mota ɗaya tak ta wuce, kuma sai da ta tsaya direban ya tambaya ko lafiya, don a can wuce mutum a tsaye ba tambaya abun kunya ne. Da boris ɗin ya ci gaba da cin wuta, ƙarshenta tayar ce za ta fice da gudu ta bar mu.

Ƙurar nan ma wani babi ce. Laushi gare ta kaman garin alkama, tana taruwa ta rufe rami ka ɗauka hanya ce lafiyayya, kuma duk ƙofar da ka toshe sai ta samu ta shiga, mun buɗe aljihun cokula mun same shi ja. Ga duwatsu da tayar mota take harbawa su bugi gaban ɗaki su dawo su fasa gilashin bayan motar, shi ya sa za ka ga an manna kwali a gilashin, mota ta miliyoyi da kwalin giya a bayanta.

A kan kwalta kuma abokan hanya su ne dogayen tireloli masu jan wagunu uku ko huɗu, tsawonsu har mita 53.5, ba sa tsayawa da wuri kuma ba sa kaucewa. Kusan kowa yana da rediyon oba-oba a mota, tasha ta 40 ta direbobin manyan motoci ce, ta 18 kuma masu karaban suke taruwa, sai ka ji direba ya kira ka ya ce kai mai farin ɗaki riƙe gudunka zan wuce, kai kuma kada ka kuskura ka taka birki sai ya gama fitowa. Da la'asar sakaliya kowa ya nemi wajen kwana, don daga magariba zuwa fitowar rana hanya ta kangaru ce da shanu da raƙuma, ba shinge. Mai kuwa dokar Baba ita ce kada ka wuce gidan mai ko da tankinka rabi ne, don na gaba yana iya zama kilomita 200 kuma ka je ka tarar motar dakon mai ba ta iso ba, ga jan ɗaki yana sa mota shan mai sosai, balle iska na gaba. A wasu garuruwan tsakiya fetur ɗin ma na musamman ne, Opal, wanda aka fito da shi a 2005 don ba ya bugarwa in an shaƙa, saboda matsalar shaƙar fetur da ta addabi matasa a wasu ƙauyukan mutanen asali. Masu ratsa filin Nullarbor zuwa yamma su kuma ga miƙaƙƙiyar hanya ta kilomita 146.6 ba kwana ko ɗaya, barci ne abokin gabarsu, ga shingen bincike a iyakar jiha inda za a karɓe maka 'ya'yan itace da ɗanyen kayan miya har da zuma, don kada ka kai musu ƙwarin gona. Sai ka ga mutane a gefen hanya suna cin lemo da tumatir ba ji ba gani kafin su isa shingen.

Zaman zango shi ma da nasa aikin, kuma mafi yawansa ba ya fitowa a hoto. Wuta daga sola take da batir, firij shi ne babban mai ci, kwana biyu na hadari ko ka yi fakin a inuwa sai nama ya fara canza wari, don haka kullum kana tsakanin son inuwa da son caji. Girki da gas ne, silinda mai kilo 9 wadda sai an gwada ta duk shekara goma kafin a yarda a cika maka, kuma komai sanyi ba a shigar da risho ko garwashi cikin ɗaki a rufe ƙofa, wannan mu ma mun san shi, irin abun da hayaƙin janareta yake yi wa iyali guda cikin dare. Sanyin kuwa ba wasa ba ne, a Yuli kusa da Alice Springs mun tashi da asuba ruwan buta ya yi ƙanƙara a sama, rana ta fito kuma ka cire riga. Bayi wani ɗan akwati ne da ake zarowa ta gefen ɗaki duk bayan kwana biyu uku, a kai wuraren zubarwa na musamman da garuruwa suka tanada, kuma aikin ƙaramin cikin tafiya ne, kun dai gane wa ya yi ta yi. Wanda ba shi da wannan sai ya haƙa rami mai zurfi nesa da ruwa ya binne, takardar kuma ya taho da ita, don busasshiyar ƙasa ba ta ruɓar da komai da wuri, dingo ma, karen dajinsu, tonowa yake.

Wajen kafa zango akwai tarko biyu da baƙo yake faɗawa don su suka fi kyau a ido. Na farko busasshen rafi, yashi mai laushi shimfiɗe, amma ruwan da aka yi can nesa inda ko gajimarensa ba ka gani ba yana iya isowa cikin dare. Na biyu manyan bishiyoyin turare na bakin rafin, inuwa mai daɗi, sai dai suna sakin ƙaton reshe ba iska ba gargaɗi. A arewa kuma inda kadojin ruwan gishiri suke, aƙalla mita 50 ake ja baya daga bakin ruwa. Wutar itace ana hura ta inda aka yarda, a kashe ta da ruwa har sai ka iya sa hannu a tokar, ba a rufe ta da yashi a tafi don garwashin na nan da rai har gobe wani yaro ya taka, ranar da aka hana kunna wuta gaba ɗaya kuwa tara ce mai zafi. Ƙofar gonar shanu yadda ka same ta haka za ka bar ta, a buɗe ko a rufe. Kuma dajin ba na banza ba ne, yana da masu shi, kusan rabin Yankin Arewa, wato yankin da Alice Springs take ciki, ƙasar mutanen asali ce a ƙarƙashin dokar 1976, wasu hanyoyin sai da takardar izini daga majalisun filayensu. Dutsen Uluru an mayar wa mutanen Anangu, masu asalin wajen, shi a 1985, sun daɗe suna roƙon a daina hawa, har aka rufe hawan a 26 ga Oktoban 2019.

A Marree ne na gane ashe tunanina na farko bai yi nisa da gaskiya ba. Kafin mota da jirgin ƙasa, raƙuma ne suka buɗe tsakiyar ƙasar nan, daga shekarun 1860 aka riƙa kawo su da masu kora su, Musulmi daga Afghanistan da Baluchistan da yankunan da yanzu suke Pakistan da Indiya, duk aka haɗa aka kira su 'yan Afghan. Su suka yi dakon kayan layin waya da na dogo da ulu da abinci, jirgin ƙasan Ghan da ke tafiya Adelaide zuwa Darwin sunansu ya ci. Masallacinsu na Marree ana lissafa shi na farko a ƙasar, wanda yake tsaye yanzu kwaikwayonsa ne, gajeren gini na laka da rufin ciyawa, in ka gan shi sai ka ce a wani ƙauyen Damagaram kake. Na yi sallah a gefensa, kuma abun da ya fi ɗaure min kai shi ne alƙibla a can yamma take ta ɗan karkata arewa, ni kuwa na tashi ina cewa fuskantar gabas. Da motoci suka zo aka saki raƙuman, yau jikokinsu dubban ɗaruruwa ne suke yawo a daji ba mai su, suna fasa tankunan ruwa.

Tafiyar ƙafa kuma, ita ce take kai mutane da yawa can tun farko, kuma ita ta fi yaudara don gajeriya ce a takarda. Zagayen gindin Uluru wajen kilomita 10 ne, na saman kwazazzabon Kings Canyon 6 kacal, amma iskar bushe take ƙarau, gumi yana bushewa kafin ka gan shi, sai ka ɗauka ba ka zufa alhali ruwan jikinka tafiya yake. Shawarar hukumar gandun dajin ita ce lita ɗaya duk awa ɗaya, kuma ranar da aka yi hasashen digiri 36 sai ka fara hawan Kings Canyon kafin ƙarfe 9 na safe, in ba haka ba a rufe. Ruwa zalla ma bai isa ba, sai da ɗan abu mai gishiri. Ga hangen nesa, dutse ka gan shi kaman ka miƙa hannu, hangen Dala ba shiga birni ba, awa biyu kana tafiya yana nan inda yake. Masu ƙarfin hali suna bin hanyar Larapinta, sama da kilomita 220 kashi 12 daga Alice Springs zuwa dutsen Sonder, sati biyu ko fiye da jaka a baya, a ajiye musu abinci a wasu wurare tun kafin su fara, tankunan ruwa kuma a zango-zango, duk lissafin ranarka daga wannan tanki ne zuwa wancan. Macizai akwai, masu mugun dafi ma, sai dai yawancinsu gudun mutum suke. In an yi sara ba tsaga ba tsotsa ba wankewa, bandeji mai faɗi ake naɗe ƙafar da shi tamau tun daga ƙasa har sama, a ɗaure ta da sanda kada ta motsa, mutum ya kwanta a kira taimako. Amma don Allah kada wani ya ɗauki wannan ya kai kan saran kububuwa a gida, dafin ba iri ɗaya ba ne, namu asibiti ne da allurar dafi ba ɓata lokaci.

Babbar dokar da kowa zai maimaita maka ita ce in mota ta lalace ko ta kafe, kada ka bar ta. A Disambar 1998 wasu 'yan yawon buɗe ido biyu daga ƙasar Ostiriya ta Turai motarsu ta kafe a yashi kusa da tafkin Eyre, kilomita wajen 60 daga William Creek. Macen ta kama hanya a ƙafa cikin wannan zafin ta rasu, namijin da ya koma wajen motar aka same shi da rai, kuma da masu ceto suka zo iskar tayoyi aka rage aka ɗan kwashe yashi motar ta fito. Mota inuwa ce, ruwanka yana ciki, kuma daga jirgin sama ana hango ta, mutum ɗaya a ƙafa kuwa ɗigo ne. Amma ni da na ji dokar sai zuciyata ta tafi Oktoban 2013, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92, yawancinsu mata da yara, a arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya bayan motocinsu da suka taso daga Arlit sun lalace. Su ko sun zauna gindin mota wa zai zo? Dokar zama wajen mota tana aiki ne don akwai wanda ya san ka fita, ya san ranar da ya kamata ka iso, kuma in ya ɗaga waya akwai jirgin da zai tashi. A Ostireliya akwai likitoci masu zuwa da jirgin sama tun 1928, John Flynn ya kafa su a Cloncurry, wasu wuraren ma a kan kwaltar hanya suke sauka. Akwai 'yar na'urar neman ceto da ba ta fi tafin hannu ba, ka yi mata rajista da sunanka a hukumar ceto, in ka danna ta tauraron ɗan'adam ya kai musu inda kake ko ba sabis ko ɗigo. Baba a wuyansa take rataye duk tafiyar ƙafa, ya ce wadda aka bari a mota ba ta da amfani ga wanda ya karye a bayan dutse.

Shi kuma tsarinsa da 'yarsa da ke Adelaide ne. Kafin mu tashi ya rubuta mata takarda, hanyar da za mu bi, lambar mota, ruwan kwana nawa muke da shi, da ranar da za mu kira daga kowane gari, in ƙarfe 8 na dare ta yi ba ta ji mu ba ta kira 'yan sanda, ba jira ba kawaici. Ranar da za mu isa Oodnadatta taya ta fashe mana, muka sa safaya, ba mu yi kilomita talatin ba ta ɗakin ma ta tafi, ga rana tana faɗuwa dole muka koma tafiyar hawainiya saboda shanu. Bakwai da kwata muka ga fitilun gari. Ko injin bai kashe ba ya miƙa wa matarsa waya, tana dannawa aka ɗauka a bugu na farko, ina jin muryar 'yar daga kujerar baya tana cewa takardar na gabanta a kan tebur, ta riga ta nemo lambar ofishin 'yan sandan ta rubuta a ƙasa.